Daƙiƙa Huɗu a Kumamoto

Shekara goma sha ɗaya ina yi wa haske bauta
a ɗakin da ƙura ba ta da izinin shiga.
Farar riga har ido, safar hannu biyu-biyu,
ko atishawa ce ta zo, sai na haɗiye ta.
Aikina tonon rijiyoyi a farantin silikon,
miliyan hamsin a filin da bai kai farcena ba,
kowace ta buɗe baki tana jiran rabonta:
ɗigon haske ya faɗa, ta ƙirga, ta kai labari ga kyamara.

Babana Shigenobu, manomin lemu a gangaren Kawachi,
yakan ce, "Chizuru, har yanzu kina tarar rana a kwano?"
In ce eh. Ya yi dariya har ta shaƙe shi.

Wata Talata aka tsince shi tsakanin kwanduna,
almakashin yankan lemu na nan a hannunsa.
Likita Uemura ta warware doguwar takarda:
tsauni, tsauni, tsauni, sai fili fetal.
Ta ɗora biro a kan filin.
"Nan daƙiƙa huɗu ne," in ji ta,
"zuciyar ta fita ba ta yi sallama ba."

Na san irin wannan fili.
A wurinmu matacciyar rijiya muke ce masa,
baƙin ɗigo a tsakiyar hoto.
Maƙwabtanta muke roƙo su ara mata haske,
a rufa mata asiri, ba mai ganewa.
To, zuciya wa ke gefenta?

Na'urar da suka nuna mana
kamar ƙwanson gyaɗa take, ta ma fi shi ƙanƙanta,
da 'yan ƙugiyoyi sirara a gindinta.
Ta jijiyar cinya za ta hau, ba tsaga ƙirji.
"Ba ta da hayaniya," in ji likita, "sauraro ne aikinta.
In zuciya ta buga, ta yi shiru.
In ta yi nawa, ta ɗan zungure ta,
kamar mai tada abokin tafiya ya yi gyangyaɗi a jirgin ƙasa."
Baba ya tambayi batirin. Aka ce shekara goma, ko fiye.
Ya ce, "Ya fi na motata amana."

A bencin asibiti, da shayin gwangwani da ya huce a hannuna,
wata na yi ta tunani, ban san sunanta ba,
mai farar riga irin tawa, a wani gari mai sanyi wataƙila,
wadda ta lanƙwasa ƙugiyoyin nan ƙarƙashin madubi
wuyanta na ciwo, tana duba agogon tashi.
Ba ta san Kawachi ba. Ba ta taɓa cin lemunmu ba.

Da damina ta kama, makesu suka cika bakin rafi.
Na ba shi kyamarar gwajin da nake aiki a kanta,
wadda ke gani inda idona ya sallama.
Hannunsa na rawa, ya danna duk da haka.
Sai ga ciyawa, ga ruwa, ga koren wuta birjik,
har da tsohon takalminsa a gefen hoton.
Ya daɗe yana kallo.
"Ashe kwanon naki ba ya yoyo," ya ce.

Sannan ya kama yatsuna biyu ya ɗora a wuyan hannunsa.
"Faɗa mini, wanne bugun ne nawa, wanne na ƙarfen?"
Na ƙirga har sittin, na sake daga farko.
Kwaɗi na ta surutu. Na kasa rabewa.

Da na koma aiki na buɗe hoton a babban allo.
Can sama, wajen hagu, rijiya ɗaya ta mutu,
baƙin ɗigo tsakanin makesu biyu.
Gyaran bai fi danna maɓalli ba.
Na bar ta yadda take.